Habibu da Keken Iya Gambo

Tun da na dawo daga Umara ban huta ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a layin ganin likitan gwiwa, tambayar ɗaya ce: "Malama Rabi, ya Makka?" Wasu dabino suke hari, wasu zamzam, amma yawanci abin da ke cin su shi ne labarin Habibu ɗan yayana, wanda ubansa ya cika Funtuwa da cewa ya zama manajan otal a ƙasa mai tsarki. Na gaji da cewa alhamdu lillahi ina kau da kai. Zan faɗa sau ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, a bar ni in ji da gwiwata.

A fara gyara zance tukuna. Habibu ba manaja ba ne, bai kuma taɓa cewa shi manaja ne ba. Ɗalibi ne. Ni na raine shi tun rasuwar uwarsa, na san abin da zai iya faɗa da wanda ba zai iya ba. Gurbin karatu kyauta ya samu a wata jami'a can, yana karanta harkar kula da masaukai da hidimar alhazai, kuma lokacin da muka je yana zangonsa na ƙarshe. Abu guda ya rage masa, koyon aiki a otal, wanda su suke kira tadrib. In ya gama, mai otal ya sa masa hannu, a ba shi digirinsa. In bai gama ba kafin takardar zamansa ta ƙare a ƙarshen zangon, to duk shekarun nan sun tafi a banza. Ubansa, Yaya Sale, ya ji kalmar otal a waya, sauran bayanin bai tsaya saurara ba.

Wanda bai san Yaya Sale ba, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, yanzu yana sayar da taki, mutum ne mai kirki da Allah ya jarrabe shi da son a ji. Shi ne muharramina a tafiyar. Ta ukunmu Iya Gambo ce, mahaifiyar abokinsa Lawal, tsohuwa mai kaifin baki da raunin ƙafa. Ba abin da ya haɗa mu da ita sai unguwa. Lawal ya rako ta har bakin mota ya ce, "Sale, ga amana." Yaya ya bugi ƙirji ya ce ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba.

Kafin mu tashi sai da gidanmu ya koma ofishin ɗaukar ma'aikata. Wannan ya kawo takardun makarantar ɗansa, wancan ya kawo hoton ƙaninsa mai gyaran famfo, wata har da na mijinta da ya shekara yana zaune, duk a kai wa Manaja ya duba musu. Yaya yana karɓa yana gyaɗa kai, yana cewa za a gani. Na ce masa, "Yaya, yaron nan fa kansa yake nema wa mafita." Ya ce ni matsalata ke nan, ƙanƙantar da abin gida.

Mun bi ta Malumfashi da Gwarzo, Iya tana lissafa mana ramukan hanya da sunayen waɗanda suka yi alkawarin cike su. A Kano ejan ɗinmu ya tare mu da fara'a ya ce jirgi yau ne. Washegari ma ya ce yau ne. Mutumin bai taɓa canza magana ba, wannan kam na shaide shi. Ranar da jirgin ya yarda yau ɗin ce, muka hau. A sama Iya ta ƙi abincin jirgi ta kwance ƙullin dambunta, ta miƙa wa ma'aikaciyar jirgin ta ce ta ci, ta rame da yawa. Da aka ce an kusa miƙati, Yaya ya shige ɗan bayan gidan nan da bai fi akurki ba don ya ɗaura harami. Ya daɗe har mutane suka fara buga ƙofa, ya fito rabi a ɗaure rabi a hannu, yana talbiyya da ƙarfi don kada a yi masa magana.

A Jidda injin ɗaukar yatsa ya ƙi Iya. Aka goge mata hannu da wani ruwa mai sanyi, aka danna, aka sake dannawa, injin ya ce bai san ta ba. Ta dubi jami'in ta ce, "Yaro, yatsun nan sun yi surfe sun yi wanki tun ba a haifi ubanka ba, me kake so su rage maka?" Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya yi dariya ya buga mata hatimi. Wajen kwastan kuma aka buɗe jakar Yaya. An gaya masa goro haramun ne a ƙasar, shi ya sa ya binne nasa cikin garin kuka, wai inji ba ya gani ta cikin kuka. Jami'in ya tsamo su ɗaya bayan ɗaya, kowanne kore shar, ya zuba a kwandon shara. Sannan ya buɗe ƙullin daddawa ya kai hanci. Bai sake buɗe komai ba, ya ce mu wuce.

Masaukin da ejan ya rantse mana cewa daga tagarsa ana hango Ka'aba, a unguwar Utaibiyya ta Makka yake, cikin wani lungu da ko mota ba ta shiga sai ta yi addu'a. Daga tagar ana hango bangon maƙwabci da injin sanyaya ɗaki yana ɗiga. A nan Habibu ya same mu. Ya yi tsawo, ya rame, ya yi haske irin na wanda ba ya shan rana. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida ubansa da Iya, ni kuwa na riƙe kansa. Ina jin daɗi ina jin tsoro, don idonsa ya faɗa sosai.

Ni da Yaya mun yi Umararmu a ranar. Ba zan tsaya bayanin abin da na ji da na ga Ɗakin Allah ba, wannan tsakanina ne da Shi. Iya kuwa ƙafafunta sun kumbura saboda zaman jirgi, ko bayan gida sai an riƙe ta. Aka ce ta zauna cikin haraminta ta huta, in ƙafa ta saɓe a kai ta.

Kwanakin jiran nan su na yi ina kallon gari. Da safe wake ake ci, dafaffe lugub da mai a kai, a dangwala da wata gurasa mai faɗin faifai da suke kira tamis. Iya ta tambaya ko mutanen nan ba su san koko ba ne. Da rana shinkafa ce a tire, rabin kaza a kwance a kai, wai na mutum ɗaya. Gahawa kuwa a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba ake zuba maka, ba sukari, in ka shanye a ƙara, ba za a daina ba sai ka girgiza kofin. Yaya bai sani ba, ya yi ta sha don kada ya ɓata wa mai gida, ya kwana yana zirga-zirga. Abin da ya fi ba ni mamaki gaisuwa ce. Ka shiga kanti ka yi sallama, kafin ka tambayi gajiya da iyali mai kanti ya riga ya ce, "Aiwa, me kake so?" Mu da muke ɓata rabin safiya kan ina kwana, sai na ga kamar an yanke mini magana da almakashi.

Rana ta biyu Yaya ya sa babbar riga ya ce a kai shi ya ga ofishin ɗansa. Otal ɗin a unguwar Zahir yake, ɗan madaidaici, na masu ƙaramin ƙarfi. Muka shiga muka tarar da wani Basudane a zaune kan teburin karɓar baƙi. A bayansa ga Habibu a tsaye, hannu a baya, da wani kati a wuya. Baƙo ya shigo da jakunkuna, Habibu bai motsa ba. Waya ta yi ƙara a gabansa, ya dubi Basudanen. Yaya ya dube ni, na dubi silin.

Mai otal ɗin ne ya fito ya cece mu. Ammu Bakur ake ce masa, dattijo mai tumbi da fara'a, haifaffen Makka. Kakansa ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya bi ta Chadi da Sudan, ya zo aikin Hajji bai koma ba. Hausarsa tana nan, sai dai kowace jimla da ɗan Larabci a goye.

"Ahlan, ahlan, mutanen gida! Wannan waladin naku, wallahi zinari ne."

Yaya ya ce, "To ai na ga zinarin a tsaye. Ba kujera ne?"

Ammu Bakur ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Ya ahi, tadrib yake yi, ba shugul ba, ba aikin albashi ba. A ikamarsa, takardar zamansa, an rubuta ɗalibi, aiki mamnu', an hana. In mai bincike ya shigo ya gan shi shi kaɗai a kan tebur, ko da jakar baƙo a hannu, halas. Ni a ci ni tara, shi a sa shi a jirgi."

A hanyar komawa Habibu ya warware mana sauran. Jami'a ta ce ba digiri sai da koyon aiki. Takardar zama ta ce mai ita ba ya aiki. Akwai wata wasiƙa da ke sasanta su biyun, amma ofishin da ke bayarwa ya ce sai otal ya karɓe ka tukuna, otal kuma ya ce sai ka zo da wasiƙar. 'Yan ƙasa da suke aji ɗaya an raba musu wurare tun farkon zango, su baƙi aka ce kowa ya nema wa kansa. Ya taka otal-otal har takalminsa ya huje, ana ba shi ruwan sanyi ana raka shi ƙofa. Ammu Bakur kaɗai ya ji sunan garinsu ya ce zai gwada, ya karɓe shi, sannan ofishin ya ba da wasiƙar. Wasiƙar da aka ba shi kuwa ta ƙayyade komai: wannan otal kaɗai, waɗannan sa'o'i kaɗai, a gaban ma'aikaci, ba lada, ba kyauta. Na ce, "Wato a koya maka iyo amma kada ka jiƙe." Ya yi murmushi ya ce saura kaɗan ya gama, in dai ba a samu matsala ba.

Sannan ya tsaya a bakin titi ya ce, "Baba, Gwaggo, don Allah abu ɗaya nake roƙo. Kada a sa ni wani aiki a bainar jama'a, kada kuma wani ya ba ni komai a hannu. A nan ido ya yi yawa."

Yaya ya ce, "Ka ji yaro. Mu da muka zo ibada, wa zai sa ka aiki?"

Ammu Bakur ya gayyace mu gidansa cin abinci. Matarsa ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kukar da muka kawo, ta ce rabonta da kuka mai ƙamshi haka tun rasuwar surukarta. Jikokinsu suka shigo, kowanne ya ce "sannu" da "lafiya lau," Hausar ta ƙare, suka koma kan wayoyinsu. Aka kawo tsire a faranti, su sire suke ce masa, suna kuma yi mana bayaninsa kamar baƙon abu. Yaya ya ci ya ƙoshi, ya ciro takardun mutanen Funtuwa daga aljihu ya ɗora kan tabarma. Ammu Bakur ya ɗaga hoton mai gyaran famfo ya daɗe yana kallo, ya ce masha Allah, ya mayar masa.

Ranar Asabar ƙafar Iya ta ɗan saɓe, amma ba ta taka mai nisa. Ranar ce kuma hutun Habibu, ya zo da hantsi ya raka mu Harami. Muka karɓi keken guragu irin wanda ake ba mutum ya tura nasa. Can gefe ga masu turawa na hukuma, da riga mai lamba, suna jiran ciniki. Habibu ya nuna su ya ce bari ya kira ɗaya.

Iya ta ce, "Wanne? Wancan ƙaton? Ina cikin harami ka haɗa ni da namijin da ban san uwarsa ba?"

Na ce ni zan tura. Ta dubi gwiwata ta ce ba ta zo Makka don a kwashe mu mu biyu ba. Aka dubi Yaya, nan take bayansa ya tuna masa da tsohon ciwo. Ya dafa ƙugu ya ce, "Habibu, kama mata mana."

"Baba, na gaya muku..."

"Ka gaya mana me? Aiki na ce ka yi? Kakarka ce. In ba ka tura kakarka a Ɗakin Allah ba, wa za ka tura?"

Iya ta ɗago ta dube shi, ta ce a hankali, "Bar shi, Sale. Yaran yanzu in sun yi karatu ƙyamar tsofaffi suke. Zan rarrafa."

Na ga fuskar yaron nan ta canza. Ya dubi masu riga mai lamba, ya dubi tsohuwar, ya sa hannu ya kama keken. Dokar ma ba ta hana mutum tura nasa ba, da haka na lallashi zuciyata.

Ya yi mata ɗawafi a bene, ya yi mata Safa da Marwa, yana karanta mata addu'a tana maimaitawa, tana kuka, tana sa masa albarka. Ni ina ɗingishi a baya. Gaskiya ban taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba, kuma da a nan aka tsaya da labarin da zan ba ku daban ne.

A kan Marwa, da aka gama, Iya ta laluba cikin hijabinta ta ciro lalita. Ta zaro takardar kuɗi ta kama hannun Habibu.

"Ungo tukwici, ka sha ruwa."

"A'a Iya, don Allah ki bar shi."

"Karɓi mana."

"Wallahi Iya ba zan karɓa ba."

"Ka raina ne? To bari in ƙara."

Ku da kuke jin wannan kun san wasan. Babba ya ba da, yaro ya ƙi, babba ya nace, yaro ya sake ƙi, sai an kai ruwa rana sannan a tura masa a aljihu. In yaro ya karɓa da farko a ce ba shi da kunya, in babba ya janye da farko a ce dama ba da gaske yake ba. Amma ku tsaya a inda wani askar, ɗan sandan Harami, yake tsaye ku duba. Ga saurayi baƙo ba cikin harami ba, ba riga mai lamba, ya turo tsohuwa, ta ba shi kuɗi ya girgiza kai, ta ƙara ya sake girgizawa, ta ƙara na uku ta cusa masa a aljihu. Ko ni ce askar ɗin, ciniki zan ce ana yi, kuma yaron ya iya tsada.

Hannu kawai muka gani a kafaɗar Habibu. Askar ɗin ne, yana neman takardar zama: "Ikama."

Aka tafi da mu wani ɗan ofis a gefe. Babbansu yana zaune, ya ɗora katin ikamar Habibu da fasfon Iya a tebur yana duban wannan yana duban wancan. Habibu yana bayani da Larabci, yana cewa kakarsa ce. Aka kira wani matashi cikin kakinsu, baƙar fata kamar mu, ashe irin su Ammu Bakur ne, jikan Hausawa. Ya durƙusa gaban keken ya ce, "Ya hajja, wannan yaro mene ne naki?"

"Jikana ne."

"Ɗayyib. Ɗan ɗanki ne ko ɗan 'yarki?"

"Ɗan Sale ne. Sale kuwa tare suka yi wasan ƙasa da Lawal nawa. A gabana aka yanke wa Sale cibiya."

Matashin ya ɗan rufe ido. Ya san abin da take nufi, na ga alama a gidansu ma haka ake lissafin dangi. Ya juya yana yi wa babban bayani a hankali, yana nuna ta yana nuna ƙirjinsa, har na ga babban ya fara sassautowa, ya ture kuɗin gefe. Saura ƙiris a ce mu tafi.

Sai Yaya ya gyara tsayuwa. Tun da aka shigo yake kumbura, ba kamun ne ya dame shi ba, a'a, wai a ɗauki ɗansa ɗan turin keke. Da ya ji Hausa a bakin mai kaki kuwa sai ya ga ai gida ya zo.

"Ɗana, gaya masa ya san da wa yake magana. Wannan yaron ba ɗan dako ba ne. Babban ma'aikaci ne a otal a Zahir, shi ke riƙe da wurin gaba ɗaya."

Matashin ya ce da sauri, ƙasa-ƙasa, "Ya ammi, yi shiru, don Allah yi shiru."

Ina! Yaya ya ga kamar ba a so a isar da saƙonsa, sai ya isar da kansa. Duk zamanmu kalmomin Larabci biyu ya koya, kuma ya adana su don irin wannan rana. Ya nuna Habibu ya ɗaga murya: "Mudir! Mudir funduk!" Manajan otal ke nan.

Babban ya ɗauki katin ya sake dubawa, inda aka rubuta ɗalibi. Ya jawo takarda ya cire murfin biro. Ya tambayi sunan otal ɗin.

Sai bayan la'asar aka sake shi, bayan Ammu Bakur ya zo da gumi da wasiƙar jami'a ya yi ta rantse-rantse. Ba a kulle shi ba, ba a ci shi tara ba. An dai sa shi ya sa hannu cewa ba zai sake ba, aka ce kuma za a sanar da jami'a, za a leƙa otal ɗin a ga irin koyon aikin da ake yi. A bakin titi Ammu Bakur ya riƙe hannun Habibu da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Ya waladi, wallahi kamar ɗana kake. Amma yanzu sunan funduk ɗina ya shiga takarda. Ina da iyali, ina da ma'aikata, rabinsu in aka tono takardunsu sai Allah. Kada ka zo gobe. Ka yafe mini."

Ban ga laifinsa ba. Shi kaɗai ya buɗe ƙofa a garin nan, mu muka jawo masa ƙura.

Da muka koma masauki Yaya ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Iya ba ta fahimci komai ba sai cewa askarawan Makka ba su da tarbiyya, ta yanke gashinta ta kwanta barci da murna. Ni na zauna da Habibu a kan matakala. Raina a ɓace yake, na rasa wanda zan huce a kansa, sai na huce a kansa shi.

"Kai da ka san doka, me ya sa ka kama keken?"

Ya ce, "Gwaggo, na san dokar nan da Larabci, na san ta da Turanci, zan iya karanta miki ita a ka. Amma ki gaya mini yadda ake ce wa Iya a'a da Hausa."

Malamar Hausa ce ni, ban samo masa jimlar ba.

Sauran kwanakinmu Habibu yawo ya koma yi, otal zuwa otal, da ɗan lokacin da ya rage masa. Yanzu kuwa ba baƙo ne kawai ba, baƙo ne mai rahoto a kansa, ko ruwan sanyin ma an daina ba shi. Mun tafi Madina mun dawo, mun yi sayayyar tsaraba, Yaya ya sayi agogo da carbi buhu guda. Takardun mutanen Funtuwa a ƙarƙashin katifar masauki ya bar su. A filin jirgi ya rungume ɗansa, abin da ban taɓa gani ba, ya ce masa, "Allah zai duba." Habibu ya ce, "Amin, Baba, a sauka lafiya."

Kwamitin jami'a ya zauna bayan mun dawo. Suka ce koyon aikin da bai kammala ba babu shi, ƙarin zango kuma ba a ba wanda aka rubuta wa saɓa ƙa'idar zama. Suka ba shi takardar sakamakon darussan da ya ci, cike da maki masu kyau, da bizar fita wadda ba dawowa. Ina jin haushin dokar da ta ce sai ka yi abin da ta hana ka, kuma zan ji har in mutu. Amma dokar nan yaron ya lallaɓa ta shekara da shekaru ba ta cije shi ba, sai da muka zo masa ziyara.

Makon jiya Habibu ya sauka Funtuwa. Yaya yana gaya wa masu zuwa sannu da zuwa cewa ana ɗan gyaran takardu ne, su kuma suna tambaya ko an duba maganar mai gyaran famfo. Ba wanda ya gaya wa Iya Gambo komai. Lawal ya ce a bar ta, hawan jini gare ta.

Shekaranjiya da yamma sai ga ta, an riƙo ta, da ƙwaryar fura a lulluɓe da faifai. Ta ɗauka hutu ya zo. Ta zauna a tsakar gida ta ba mata labarin yadda yaron nan ya kai ta Safa ya kai ta Marwa, bai gaji ba, bai yi tsaki ba, ko tukwici sai da ta yi da gaske. Yaya ya tashi ya ce zai duba shago. Habibu yana durƙushe a gabanta, kansa a ƙasa, tana shafa masa kai.

"Allah ya yi maka albarka, ya ɗaukaka ka a wajen aikinka. Yauwa, kafin in manta. Ƙanwata Tabawa za ta je baɗi in Allah ya kai mu, ita ma ƙafar ce. Na ce mata kada ta ba kowa ko sisi, ta neme ka kawai."

Matan gidan da suka san gaskiyar lamarin suka juyo suna dubana. Ni kuma shi nake duba, ina jira in ji ko ya samo jimlar.

Ya ce, "To, Iya. Allah ya kai mu."